Ina shirin sayen sunan makarantar zanen yara a Amurka, ku ba ni shawara kafin in sa hannu

Maman Zarah: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka taɓa juya kuɗi a ƙasar nan. A jihar Meriland nake zaune, aikin jinya nake yi, yawanci na dare, kuma gaskiya jiki ya fara gaya mini. Akwai ɗan abin da na tara, maigida ma ya ce zai ƙara mini. Na samu wani kamfani da ke koya wa yara zane da fenti, daga 'yan shekara 3 zuwa 12. Tsarin faranchayis ne: ki biya kuɗin shiga, su ba ki sunansu da darussansu da horo, su yanka miki yanki ya zama naki. Ba sai na kama shago ba, malaman da zan ɗauka ne za su riƙa zuwa makarantu bayan an tashi, da gidajen rainon yara, da kayan aiki a bayan mota. Duk wata kuma kamfani yana da kasonsa cikin abin da ya shigo. Tun ina ƙarama nake son zane. Burina ma in abin ya kankama a nan, in nemi izininsu in buɗe a Kano ko Abuja. Wakilinsu yana ta kirana, wai akwai wani da ke neman yankin nan namu.

Alhaji Baban Walid: Wa'alaikumus salam Hajiya. Ni ban taɓa taka Amurka ba, a Kwari na tsufa, amma maganar "akwai wani da ke nema" ita muke yi wa mai saye tun kafin a haife ki. In dillali ya fara miki wannan waƙar, ki ƙara gyara zama.

Ɗan Autan Hajiya: Wato dai a biya kuɗi a koya wa yaro ɓata bangon ɗaki. Namu kyauta suke yi da gawayi.

Anti Hajjo: Auta, ka rufa mana baki manya na magana. Maman Zarah, ni a Hustan nake, na daɗe ina riƙe da gidan rainon yara, kuma irin waɗannan mutanen suna zuwa wurina neman in ba su aji, don haka na san su ta ɗaya ɓangaren. Harkar ba sabuwa ba ce. Young Rembrandts tun 1988 wata mata, Bette Fetter, ta fara shi a jihar Ilinoi. Abrakadoodle ya zo a 2002 daga Bajiniya. Can Malesiya ma akwai Global Art da ya bazu ƙasashe da dama. Ke nan kasuwa akwai ta, iyaye a nan suna biya, musamman masu aiki da ba sa iya ɗauko yaro ƙarfe uku.

Amma kin ce kina son zane, nan ne na tsaya. Matan da ke zuwa ofishina ban taɓa ganin fenti a hannunsu ba. Jaka ce da takardun talla, da murmushin dole. Aikinsu kullum bin shugabannin makarantu, roƙon ƙungiyar iyaye, neman malami a madadin wanda ya turo saƙo da rana tsaka cewa motarsa ta ƙi tashi. In burinki ki zauna cikin yara ki riƙe buroshi, kin yi ɓatan hanya. Wannan aikin talla ne da kula da ma'aikata. Za ki iya shiga ofishin baturiyar da ba ta san ki ba, da hijabinki, ta ce miki a'a, bayan wata biyu ki sake komawa kina dariya?

Maman Zarah: Anti, wallahi kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ni ko adashe ba na iya bin bashi. Amma sun ce za su horar da ni a kan yadda ake shiga makarantu.

Anti Hajjo: Za su ba ki takardar abin da za ki faɗa. Ƙafar da za ta je taki ce.

Akanta na Abuja: Hajiya, kafin a yi nisa, sun ba ki kundin bayanan nan da ake kira FDD? Na yi karatu a can, kuma na taɓa duba wa wani abokina irinsa. Dokar hukumar kasuwanci ta tarayya, FTC, ta wajabta musu su miƙa miki shi aƙalla kwana 14 kafin ki sa hannu ko ki biya ko sisi. Sashe 23 ne. Mutane sukan tsorata da kaurinsa su ajiye, alhali ba duka ne ke da nama ba. Sashe na 5 da na 6 su ne kuɗaɗen da za ki biya, na farko da na kullum. Na 7 ƙiyasin jarin da ake buƙata kafin a buɗe. Na 12 maganar yankinki, ko naki ne ke kaɗai ko kuwa suna da damar sayar da darasi ta intanet ga yaran unguwarki. Na 17 yadda ake rabuwa, da shekarun da za a hana ki yin irin sana'ar bayan kin fita. Na 19 shi ne inda suke faɗin abin da masu rassa ke samu, kuma doka ba ta tilasta musu su faɗa ba. In sun bar wurin fayau, to duk adadin ribar da wakili ya raɗa miki a waya ba shi da hurumin faɗinsa.

Wanda na fi so shi ne na 20. A nan za ki ga rassa nawa aka buɗe, nawa aka rufe, nawa aka sayar cikin shekara uku da suka wuce, da lambobin wayar masu rassan, har da waɗanda suka fita a shekarar baya. Waɗanda suka fita za ki fara kira. Sannan jiharku tana cikin jihohin da sai kamfani ya yi rajista da ofishin babban lauyan jiha kafin ya sayar da reshe. Ki tabbatar sun yi.

Maman Zarah: Sun turo, yana nan cikin imel ban buɗe ba. Shafi ya fi ɗari biyu.

Akanta na Abuja: To ki buɗe. Bari in yi miki lissafin bakin kasuwa, alƙaluman nawa ne na misali, ki cire ki sa na gaskiya daga kundin. Mu ce yaro yana biyan dala 15 a darasi, aji yana da yara 12, an tara 180. Malami ya karɓi 40. Makarantar da ta ba da ɗaki ta yanki kashi 15 cikin ɗari, 27 ke nan. Takarda da fenti 20. Kamfani kashi 8, wato 14, asusun talla kashi 2, a ce 4. Saura 75. In kina da aji 20 a mako, 1,500. Makonnin da za a yi darasi sosai a shekara, in an cire hutu da ranakun dusar ƙanƙara, a ce 30, kin tashi da 45,000. Ba a cire inshora ba, ba man mota, ba kuɗin binciken zanen yatsa da za a yi wa duk malamin da zai shiga cikin yara, ba haraji.

Yanzu a ce yara 6 suka zo maimakon 12. An tara 90. Malami 40 ɗinsa tana nan ba ta ragu ba. Makaranta 14, kaya 10, kamfani da talla 9. Saura 17. Kin ga rabin yara bai ba ki rabin riba ba, kusan duk ya cinye ta. Kuma kason kamfani daga abin da ya shigo ake cire shi, ba daga riba ba. Ki duba ko akwai mafi ƙarancin abin da dole ki biya duk wata ko da ba ki yi aji ko ɗaya ba. Da yawa suna da shi.

Alhaji Baban Walid: Akanta, tsaya. Kana nufin ko ta faɗi sai ta biya su?

Akanta na Abuja: Ranka ya daɗe, haka yake a yawancin yarjejeniyoyin.

Alhaji Baban Walid: To wannan ba abokin kasuwanci ba ne, mai gidan haya ne. Ni yaran da na ba kaya, in kasuwa ta yi sanyi tare muke jin sanyin.

Hajiya Ƙarama ta Bronks: Alhaji, ka yi haƙuri, ban yarda da kai duka ba. Ku a Kwari kowa ya san kowa, ya san uban kowa. Mu nan Amurka baƙi ne. Ni daga Zangon Kumasi na zo, na yi shekaru ina kitso kafin in samu wanda zai ba ni hayar shago da sunana. Ɗiyata Maman Zarah in ta je makaranta ta ce ni ce wance, ina son koyar da zane, wa zai saurare ta? Amma in ta zo da sunan da shugabar makarantar ta taɓa ji, da takardar inshora, da darussa a tsare na shekara guda, da shafin da iyaye za su biya da kati, ƙofar tana buɗewa. Abin da take saya ke nan. Ba kyauta ba ne, amma ba banza ba ne. Mu daina ɗaukar duk abin da bature ya tsara cuta ce.

Anti Hajjo: Wannan gaskiya ne Hajiya, ni ma na fi sakin jiki da mai inshora da takardu. Sai dai in faɗa miki, ban taɓa ɗaukar wani don sunan kamfaninsa ba. Malamar da yara suka so ita nake riƙewa. Akwai wata da ta bar kamfaninta, iyaye suka bi ta har gida.

Hajiya Ƙarama ta Bronks: Ke kin san hanya ne shi ya sa. Sabon shiga fa?

Malam Ɗanzariya: Assalamu alaikum. Ni malamin zane ne a wata firamare, a sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello na yi karatu. Kun yi ta maganar kuɗi, ku ba ni dama in yi ta darasin. Na kalli hotunan irin waɗannan azuzuwan a intanet. Malama za ta tsaya gaban allo ta ja da'ira, yara su ja. Ta sa kunnuwa biyu, su sa. Bayan awa guda yara goma sha biyu sun fito da kyanwa goma sha biyu, duk iri ɗaya, har gashin baki. Uwa ta karɓa ta manna a jikin firji ta ce ɗana ya iya zane. Dole kamfani ya tsara shi haka, don malamin da aka horar kwana biyu ya iya koyarwa, kuma abin da aka yi a wannan gari ya zama shi aka yi a wancan. Ban ce ba shi da amfani ba. Yaro yana koyon riƙe fensir, da lura da siffa, da zama wuri ɗaya. Amma a ajina, ranar da na fi jin daɗi ita ce ranar da na ce su zana hanyarsu ta zuwa makaranta, wata yarinya ta zana mai ƙosai ta fi masallaci girma. Na tambaye ta, ta ce ai ita take fara gani. Wannan ba ya cikin kundin kowa.

Hajiya Ƙarama ta Bronks: Malam, jikana da aka sa shi irin ajin nan, da ko layi ba ya yarda ya ja, sai ya ce zai ɓata. Kyanwar da kake rainawa ita ta cire masa tsoro. Yanzu shi ke zana mana katin sallah.

Malam Ɗanzariya: Allah ya yi masa albarka Hajiya, ban musa ba. Tsani ne mai kyau, matsalar a tsaya a kansa. Abin da ya fi damuna shi ne maganar kawo shi gida da Hajiya Maman Zarah ta yi. A 1958 ɗalibai a nan Zariya, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Demas Nwoko, suka kafa ƙungiya don sun gaji da manhajar da aka kwaso daga Ingila, suka ce a haɗa dabarar da aka koya da abin da aka gada. Shekara sittin da ɗoriya sai mu koma mu biya dala a turo mana darasin kabewar Halowin da mutum-mutumin dusar ƙanƙara? Ga zayyanar allo da ake yi wa mai sauka. Ga zanen bangon gidajen Zariya da Kano, ga dagi, ga aska takwas a wuyan riga, ga sassaƙar ƙwarya, ga rinin Ƙofar Mata. Ladi Kwali da ke bayan naira ashirin da tukwane ta zaga duniya. Ko a manhajar firamare ta gwamnati akwai darasin al'adu da fasaha, kayan aiki da malamai ne babu. In kika sayi suna, yawanci ba ki da ikon sauya darasi, kuma abin da kika ƙirƙira a ƙarƙashinsu kan zama nasu. Ki duba wannan ma a kundin.

Akanta na Abuja: Malam ya kawo ni inda nake son zuwa. Hajiya, maganar Kano ko Abuja ki raba ta da wannan gaba ɗaya. Na farko, iznin reshe ɗaya a Meriland ba ya ba ki komai a wata ƙasa, wata yarjejeniya ce daban mai tsada. Na biyu, sai an yi wa yarjejeniyar rajista a NOTAP, hukumar Najeriya mai kula da yarjejeniyoyin shigo da fasaha daga waje, kafin banki ya sayar miki da dalar da za ki tura musu. Na uku shi ne babba: naira za ki karɓa, dala za ki biya. A watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ke biyan dala 500 a wata, daga naira 230,000 ya koma 750,000, bai ƙara ɗalibi ko ɗaya ba. Wane uba ne zai yarda a ninka masa kuɗin zane sau uku? Ga shi sunan da kike biya dominsa babu wanda ya san shi a Nasarawa ko Gwarinpa. Hujjar Hajiya Ƙarama tana da ƙarfi a Amurka, amma ba ta tsallako teku.

Ustaz Abu Maryam: Allah ya saka wa kowa. Abu biyu zan ƙara. Na farko zanen mai rai. Iyaye Musulmi za su tambaye ki, a can ma balle a gida. Hadisan gargaɗi ga masu yin sura sun inganta, kuma a Bukhari da Muslim akwai mutumin da ya zo wa Ibn Abbas ya ce da wannan sana'ar yake ci, ya ce masa in dole ne ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. A ɗaya gefen kuma Nana Aisha tana da 'yan tsana, har da doki mai fukafukai kamar yadda Abu Dawud ya ruwaito, malamai suka kafa hujja da shi wajen sauƙaƙa wa yara. Malikiyya ma sun bambanta tsakanin mutum-mutumi mai inuwa da zanen da ke kan takarda. Ba fatawa nake bayarwa a nan ba, ki zauna da malamin da kika yarda da shi. Amma ta fuskar kasuwa, in makarantar Islamiyya ta ce a cire darasin fuska a sa na zayyana, kamfanin zai bar ki? Na biyu, in kuɗin bai kai ba za su nuna miki hanyar bashin banki mai ruwa, ko su ce ki fasa asusun fanshonki. Kada a kai ki can cikin gaggawa.

Maman Zarah: Allah gafarta Malam, dama sun ambaci bankin da suke hulɗa da shi. Maigida ya ce ba da shi ba.

Ɗan Autan Hajiya: Ni dai a ɗauke ni malami. Dala 40 a awa guda, ko raƙumi aka ce in zana zan zana.

Anti Hajjo: Awa guda a takarda. Tuƙin zuwa da dawowa da wanke buroshi ba a lissafa maka ba. Shi ya sa ba sa daɗewa, yawancinsu ɗaliban jami'a ne, da sun samu abin da ya fi sai ka neme su ka rasa. Maman Zarah, ki tambayi masu rassan me suka yi a Maris ɗin 2020 da aka rufe makarantu, ko kamfanin ya ɗaga musu ƙafa. A nan za ki san halinsa.

Maman Zarah: Salam 'yan uwa, na dawo. Na karanta sassan da Akanta ya lissafa, na kuma kira wasu daga cikin lambobin. Ra'ayinsu ya kasu biyu. Wata da ke ciki har yanzu ta ce tana jin daɗi sosai, amma da ma tsohuwar malamar firamare ce a gundumar, duk shugabannin makarantun ƙawayenta ne, kuma sai a shekara ta uku ta fara biyan kanta albashi. Wata da ta fita ta ce darussan suna da kyau, horon ma ba laifi, abin da ya karya ta shi ne yankin da aka ba ta yana da makarantu da yawa a taswira, amma galibinsu sun riga sun ba wasu kwangilar shirin bayan tashi. Mafi ƙarancin biya na wata yana nan, har da watannin hutun bazara, sai dai ki cike gurbin da sansanin hutu da bikin zagayowar haihuwa. Da na tambayi wakilin ko wane ne ke neman yankin namu, sai ya ce ba ya iya faɗa, amma zai iya jira na zuwa watan gobe.

Ban ce na fasa ba. Amma ba zan ajiye aikin asibiti yanzu ba. Na yi magana da shugabar makarantar Asabar da Lahadi ta masallacinmu, ta ba ni ɗaki bayan azahar na zango guda, iyaye su biya ɗan abin da zai sayi kaya. In na iya cika aji ɗaya na riƙe shi, sai in san ko zan iya da ashirin. Malam Ɗanzariya, don Allah da me zan fara?

Malam Ɗanzariya: Hajiya, ki fara da dagi. Ɗigo-ɗigo a jere a kan takarda mai gidan dara, yaro ya bi da layi yana hawa yana nutsewa har ya dawo inda ya tashi. Ƙanana ki ba su zare mai kauri da gam su manna. Mako na biyu zayyana: ja, ɗorawa, kore da baƙi kawai. Kada ki sayi fenti mai tsada, kuma ki shimfiɗa leda a kan kafet ɗin masallaci kafin kwamiti su kore ki. Zan ɗauki hoton zanen ɗalibaina in turo miki.

Hajiya Ƙarama ta Bronks: Allah ya sa albarka ɗiyata. Amma yaran masallaci 'ya'yan ƙawayenki ne, don kunya ma za su zo. Kada ki auna kasuwar gundumar da su.

Akanta na Abuja: Kuma ki tambayi masallacin ko inshorarsu ta rufe ajin naki. In daga baya kika koma ga kamfanin, ki gaya wa lauyanki da wannan ajin tun farko, don sashen hana gasa zai iya cewa ki rufe shi ko ki sa shi cikin lissafin kasonsu. Lauya mai duba irin wannan yarjejeniya za ki nema, ba na takardun zama ba.

Alhaji Baban Walid: Nawa za ki karɓa a kan kowane yaro?

Maman Zarah: Ina tunanin dala 5, Alhaji.

Alhaji Baban Walid: Ki sa 10. Wanda ya ce ya yi yawa ki rage masa a gefe.